DARASI DOMIN ƘUNGIYOYIN MANOMA: ZURFIN KARATUN LIKITAN DABBOBI DA AMFANINSA GARE MU



Darasinmu na wannan karo a kan likitan dabbobi ne. Za mu duba irin karatun da ya ke yi, da karatun da waɗansunsu su kan ƙara bayan digiri na fari. Za mu tsaya a kan fannoni uku: ciwon cikin jiki, da ciwon zuciya, da ciwon daji. Wani zai ce, ina ruwan mai akuya biyar da karatun jami'a? Amsa ita ce, akuyan nan biyar su ne bankinsa. Su ne kuɗin makaranta, su ne kuɗin taki, su ne kuɗin asibiti ranar da ciwo ya shigo gida. Wanda ya san abin da likita ke nema a jikin dabba ya kan kira shi da wuri, ya kuma ba shi labarin da zai taimake shi. Wanda bai sani ba ya kan kira mahauci.

A karanta darasin nan a taron ƙungiya, sashe sashe. A bar kowa ya faɗi abin da ya taɓa gani a garkensa kafin a wuce gaba.

1. YADDA A KE ZAMA LIKITAN DABBOBI

An kafa makarantar likitan dabbobi ta fari a duniya a birnin Liyon na ƙasar Faransa a shekarar 1761. A nan Nijeriya, an buɗe wurin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a shekarar 1924. Daga can ne a ke samun waɗansu daga cikin alluran rigakafin da a ke yi wa dabbobinmu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ta kafa sashen koyon likitan dabbobi a 1964, da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri su ma suna koyar da wannan aiki.

Yaro ko yarinya da ke son shiga sai ya ci jarrabawar ƙarshen sakandare da kyau a Turanci, da Lissafi, da ilmin halittu, da kimiyyar sinadarai, da fizis. Sa'an nan ya ci jarrabawar shiga jami'a. Karatun shekara 6 ne. In ya gama, Hukumar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta rubuta sunansa, sa'an nan ya sami izinin aiki. Duk mai yawo da jaka da allura a kasuwa, in ba shi da wannan izini, ba likita ba ne, ko da mutane sun kira shi haka.

2. KARATUN GABA DA DIGIRI

Likitan da ya fito da digiri na fari ya taɓa kowane fanni: shanu, dawaki, tumaki, kaji, karnuka, tiyata, duba nama a mahauta. Amma ba mai iya ƙwarewa a kan kome da kome. Domin wannan waɗansu su kan koma makaranta. Akwai hanya biyu.

Ta fari ita ce hanyar bincike, watau digiri na biyu da na uku. Likita ya kan ɗauki ciwo guda ya bi shi shekara da shekaru, ya rubuta abin da ya gano. Ta biyu ita ce hanyar ƙwarewa a asibiti. Likita ya kan zauna ƙarƙashin manyan malamai yana duba dabbobi marasa lafiya kowace rana, har ya ci jarrabawar ƙwararru. A Nijeriya akwai Kwalejin Ƙwararrun Likitocin Dabbobi da ke ba da wannan shaida. A Amurka, mai son zama ƙwararren likitan zuciya ko na ciwon daji ya kan yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, sa'an nan ya ƙara kamar shekara 3 a fanni guda.

Akwai wata kalma da ya kamata mu warware. In likita ya ce "ƙananan dabbobi", karnuka da kyanwoyi ya ke nufi. Mu kuwa in mun ce haka, awaki da tumaki mu ke nufi. Darasin nan ya haɗa duka biyu, gama a gidajenmu kare na gadi da farauta, kyanwa na tsare rumbu daga ɓera, akuya da tunkiya kuwa su ne jari.

3. CIWON CIKIN JIKI

Miki a waje kowa na ganinsa. Ciwon da ke cikin hanta, ko ƙoda, ko huhu, ko jini, ko tumbi, ba a ganinsa da ido, dabba kuwa ba ta magana. Ƙwararren likitan cikin jiki aikinsa shi ne gano abin da ke ɓoye. Yana da abin sauraron ƙirji, da madubin likita na duba jini da kashi, da na'urar ɗaukar hoton ƙashi da ta ɗaukar hoton ciki. Amma kafin ya taɓa na'ura, da abu huɗu ya kan fara, mu ma za mu iya koyonsu.

(a) Zafin jiki. A sa ma'aunin zafin jiki a duburar dabba na minti ɗaya ko biyu. Lafiyayyar akuya ko tunkiya ta kan nuna kamar digiri 38.5 zuwa 40 a ma'aunin Salsiyas. Kare kuwa kamar 38 zuwa 39.5. A auna da sassafe, kafin rana ta yi zafi.

(b) Bugun zuciya. A ɗora tafin hannu a ƙirji ta gefen hagu, bayan gwiwar ƙafar gaba. A ƙirga bugun na daƙiƙa 15, a ninka sau 4. Babbar akuya ko tunkiya da ke hutawa ta kan yi kamar 70 zuwa 80 a minti. Kare 70 zuwa 120. Ƙanana sun fi manya saurin bugu.

(c) Launin cikin ido. A ja fatar ido ta ƙasa a duba. Ja-ja alamar isasshen jini ne. Fari alamar ƙarancin jini. Rawaya kuwa alama ce hanta ko jini na da matsala.

(d) Ci, da tuƙa, da kashi, da fitsari. Akuyar da ta bar tuƙa ba ta da lafiya, ko da tana tsaye.

Bari mu ɗauki misali huɗu na ciwon cikin jiki da mu ke fama da su.

Tsutsar ciki mai shan jini. Da damina akwai wata siririyar tsutsa da ke zama a tumbin ƙarshe na akuya da tunkiya. Macen tana iya zuba ƙwai 5,000 ko fiye a rana guda. Ƙwan ya fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, dabba ta sake ci. Tsutsa 1,000 na iya shan jini kamar mililita 50 a rana. Sai mu ga dabba ta rame, cikin idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa. Likitocin Afirka ta Kudu sun fito da wani kati mai launi 5, mai suna FAMACHA, wanda a ke gwadawa da cikin idon dabba domin a san wadda ke bukatar magani. Dalilinsa shi ne, in ana ɗura wa dukan garke magani iri ɗaya kullum, tsutsa ta kan saba da shi har ya daina kashe ta.

Cin leda. Akuyar da ke yawo a juji da bakin kasuwa ta kan haɗiye leda, musamman da rani sa'ad da abinci ya yi wuya. Leda ba ta narkewa. Ta kan dunƙule a tumbi har ta cika shi. Ciki ya yi girma da tauri, amma ƙashin baya na fitowa. Mai ita ya yi tsammanin ciki ne da ita, wata biyar ya wuce ba haihuwa. Ba saiwa ko allurar da ke narkar da leda. Sai likita ya yi tiyata ya fitar da ita.

Cin hatsi fiye da kima. Da kaka, ko sa'ad da a ke turke rago domin kasuwar Salla ko Kirsimeti, dabba ta kan sami dawa ko masara ko ragowar tuwo ta ci da yawa a tashi ɗaya. Hatsin ya yi tsami a tumbi, tsamin ya shiga jini. Sai kumburin ciki, da zawo mai tsami, da tangaɗi. A janye hatsin nan da nan, a ba ta busasshiyar ciyawa, a kira likita. Kada a danne ta a yi mata ɗure da ƙarfi, gama ruwan na iya bin hanyar huhu ya kashe ta. Mai turke rago ya riƙa ƙara dusa da hatsi kaɗan kaɗan cikin mako biyu.

Zawon jini na 'yan kwikwiyo. Wannan ciwo ya bayyana a duniya a shekarar 1978, ya bazu ko'ina cikin ɗan lokaci. Amai da zawon jini mai wari su kan ƙarar da ruwan jikin kwikwiyo cikin kwana kaɗan. Akwai allurar rigakafinsa, ana fara ta tun kwikwiyo na da mako 6 zuwa 8.

Gargaɗi guda: maganin mutum ba lalle ne ya dace da dabba ba. Farasitamol da mu ke sha domin ciwon kai yana kashe kyanwa, ko da ƙwaya ɗaya ce.

4. CIWON ZUCIYA

Zuciya famfo ce mai ɗaki huɗu. Ɓangaren dama na tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska. Ɓangaren hagu na tura shi zuwa sauran jiki. Tsakanin ɗakunan akwai ƙofofi masu hana jini komawa baya. Zuciyar kuma tana cikin wata 'yar jaka. In famfon ya gaza, ruwa ya kan taru a huhu ko a ciki. Ƙwararren likitan zuciya na sauraron ƙarar ƙofofin nan. Yana da na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, da wadda ke nuna hoton zuciya tana motsi.

Ciwon ruwan zuciya

Wannan shi ne ciwon da ya fi shafarmu a wannan sashe, yana kuwa nuna mana amfanin zurfin karatu. Yana kama awaki, da tumaki, da shanu. Kaska ce ke kawo shi, irin babbar nan mai zane a baya da dogon baki, wadda makiyaya ke kira koti. A shekarar 1900 wani masani mai suna Lounsbury ya nuna a Afirka ta Kudu cewa kaska ke ɗaukar ciwon. A 1925 wani mai suna Cowdry ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. A nan Zariya, Dokta Albert Ilemobade ya yi digirinsa na uku a kan wannan ciwo a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gama a 1976. Daga baya ya zama Farfesa, har ya shugabanci Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Kaskar nan ta bi shanun Afirka ta Yamma a jirgin ruwa har tsibiran Karebiyan, aka kuwa tabbatar da ciwon a tsibirin Gwadalup a 1980.

Ga yadda ciwon ke tafiya. Ƙaramar kaska ta sha jinin dabba mai cutar, ta faɗi ƙasa ta girma, ta hau wata dabba ta zuba mata. Bayan kamar mako biyu ko uku zazzaɓi ya tashi, ya kai digiri 41 ko fiye. Ƙwayar cutar na lalata bangon ƙananan hanyoyin jini, sai ruwa ya riƙa tsatsafowa. Ya taru a jakar zuciya, da ƙirji, da huhu, da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mu ke ganin dabba na numfashi da ƙyar, tana tauna ba abinci a baki, tana ɗaga ƙafa sama sama, tana zagaye wuri ɗaya. A ƙarshe ta faɗi a gefe, ta ja kai baya, tana shure-shure. In an feɗe ta, sai a ga ruwa rawaya-rawaya kewaye da zuciya, da kumfa a maƙogwaro.

Abin lura shi ne lokaci. Allurar oksitetarasaikilin na warkar da ciwon in an yi ta tun zazzaɓi na farawa. In an jira har dabba ta faɗi tana shure-shure, da wuya a cece ta. Saboda haka ma'aunin zafin jiki guda ɗaya na iya ceton garke. In ɗaya ta mutu da waɗannan alamu, a riƙa auna sauran kowace safiya, a sanar da likita duk wadda zafinta ya wuce 40.5.

Manyan kaskan nan sun fi yawa da damina. Suna son ƙarƙashin wutsiya, da hantsa, da maraina, da hammata, da tsakanin kofato. A duba wuraren nan aƙalla sau biyu a mako. Dabbobin da aka kawo daga ƙasashen waje ko daga wurin da babu wannan kaska sun fi saurin mutuwa, sai mai sayen irin waje ya yi hattara.

Itatuwa masu taɓa zuciya

Kakanninmu maharba sun san kwankwani, wanda su ke haɗa dafin kibiya da shi. Dafinsa zuciya ya ke tsayarwa. Farin ruwan tumfafiya ma na da dafi mai irin wannan aiki. Ganyen samberu, wanda ya fi yawa a dazuzzukan kudu da mu, na kashe tumaki da awaki. Dabbar da ta ƙoshi ta kan ƙyale irin waɗannan. Yunwar bazara ke sa ta ci abin da ba ta saba ci ba. Ajiye harawa da kyau tun da kaka shi ma maganin ciwon zuciya ne.

Zuciyar kare

Akwai wata tsutsa da sauro ke sa wa kare. Ta kan ɗauki wata 6 ko 7 kafin ta girma, ta zauna a manyan hanyoyin jinin huhu da ɓangaren dama na zuciya. Tsawon macen na kai santimita 30. Karen farauta da ya saba gudu sai a ga ya gaji da wuri, yana tari, daga baya cikinsa ya cika da ruwa. Gwajin jini ke nuna ta, akwai kuma maganin rigakafi. Tsohon kare kuwa ƙofofin zuciyarsa kan saki. Wannan ba ya warkewa, amma akwai magunguna masu rage ruwa da ƙarfafa bugu, da ke ƙara masa kwana cikin sauƙi.

5. CIWON DAJI

Jikin dabba an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ba a gani sai da madubin likita. Kowace na girma, ta rabu biyu, ta tsufa, ta mutu bisa tsari. In waɗansu sun ƙi bin tsari suka yi ta yawaita, sai ƙari ya fito. Wani ƙarin na zama wuri ɗaya. Wani kuwa na cin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini ya tafi huhu ko hanta. Wannan na biyu shi ne ciwon daji, ko sankara.

Ba kowane kumburi ne ciwon daji ba. Akwai ƙurji mai mugunya, kamar wanda ke fito wa awaki a kaluluwar wuya da kafaɗa. Akwai kuma inda bangon ciki ya yage, hanji ya turo fata. Wanda ya sa aska a irin wannan ya kashe dabbarsa da hannunsa. Likita ya kan tsotsi ɗan abin da ke cikin kumburin da allura, ko ya yanki ɗan nama kaɗan, ya duba da madubi. Sai ya san irinsa kafin ya yanke shawara.

Alamun da ya kamata su sa mu nemi likita: kumburi mai tauri da ke ƙara girma, mikin da ya ƙi warkewa, jini ko ruwa mai wari daga hanci ko gaba, da rama ba dalili.

Ƙarin gaban kare. Wannan ciwo abin mamaki ne, gama ƙwayoyin dajin kansu ke tashi daga kare zuwa kare wajen barbara. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya nuna a 1876 cewa ana iya dasa shi daga wani kare zuwa wani. Binciken Elizabeth Murchison da abokan aikinta a Kambirij ta Ingila ya nuna cewa dukan ƙarin nan na duniya daga jikin kare guda ya samo asali, dubban shekaru da suka wuce. An same shi a ƙasashe 90 ko fiye. Alamarsa ita ce ɗigar jini daga gaban kare ko karya, da jan tsiro mai saurin fashewa. Labari mai daɗi shi ne yana jin magani. Allurar binkiristin a jijiya, sau ɗaya a mako na kamar mako 4 zuwa 6, na warkar da mafi yawansu. Likita kaɗai ke yin ta, gama in ta zuba a wajen jijiya tana cin nama. Ba ya kama mutum. A ɗaure mai ciwon har ya warke.

Ƙarin nono. Ya fi kama tsofaffin karnuka mata. Kamar rabinsu mugun iri ne. A kyanwa kuwa mafi yawansu mugun iri ne. Cire shi tun yana ƙarami ya fi sauƙi. Karyar da aka cire wa mahaifa da ƙwai tun kafin ta fara neman namiji ba ta cika kamuwa da shi ba.

A tumaki da awaki akwai wani ƙari da ke fitowa can cikin hanci. Majina ta yi ta zuba wata da watanni, numfashi na ƙara, dabba na ramewa, magani ba ya ji. Akwai kuma dajin ido a shanu, wanda ya fi kama masu farar fatar ido. A nan sai mu yi lissafi. Dabbar kiwo ba a cika yi mata dogon magani na ciwon daji ba, gama kuɗinsa zai wuce kuɗinta. Likita mai gaskiya zai faɗa mana in ya fi kyau a fitar da ita daga garke, mai duba nama kuma ya faɗi ko naman ya ciwu. Sanin ciwon da ba ya warkewa shi ma riba ne, domin ya hana mu zuba kuɗi a rijiya.

6. HAUKAN KARE

Ba za mu yi maganar kare mu bar wannan ba, gama ya shafi rayukan 'ya'yanmu. Ana ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kamar 59,000 a duniya kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, da yawa kuwa yara ne. In alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Amma ana iya tare shi. A yi wa kare allurar rigakafi yana da wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. In an yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari, ciwon ya kan rasa hanyar yaɗuwa. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. An keɓe ranar 28 ga Satumba domin tunawa da yaƙi da wannan ciwo.

7. ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari bakwai.

1. A sayi ma'aunin zafin jiki biyu ko uku da kuɗin ƙungiya. A zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya su koyi aiki da shi. Kada a bar mata a baya, gama su ke da yawancin awakin gida, su ke fara ganin wadda ba ta ci ba.

2. A ajiye littafi. A rubuta ranar da ciwo ya fara, da alamunsa, da zafin jiki, da abin da dabba ta ci, da maganin da aka ba ta, da yawan waɗanda suka kamu. Wannan littafi shi ne bakin dabba a gaban likita.

3. A san ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a riƙe lambar wayar ma'aikacinsa. In ciwo ya fi ƙarfinsa, shi zai tura mu gaba, har zuwa asibitin koyarwa na Zariya in ta kama. Hoton dabba ko ɗan bidiyo a waya na taimakon likitan da ke nesa.

4. A haɗa garkuna rana ɗaya domin rigakafi, a raba kuɗin zuwan likita. Kada a manta da allurar annobar awaki da tumaki mai kawo zawo da majina da miki a baki. Ƙwayar da aka yi wannan allura da ita a Nijeriya aka samo ta a 1975, duniya kuwa ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ciwon. An riga an kawar da bushiya ta shanu, aka yi shela a 2011.

5. Dabbar da aka sayo daga kasuwa, ko Charanchi ko wata, a ware ta aƙalla mako 3 kafin ta shiga garke. A cire mata kaska, a duba idonta da hancinta.

6. A bi adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Dabbar da ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ci. Mai yiwuwa ciwon saifa ne, yana kuwa kama mutum. A sanar da ofishin dabbobi.

7. A lura da yaranmu masu ƙoƙari a kimiyya, maza da mata. Yaron da ya tashi yana kiwo ya riga ya san halin dabba, abin da ɗan birni sai ya koya a aji. Ƙungiya na iya taimaka masa da kuɗin jarrabawa ko na littattafai. Ƙasarmu na bukatar likitocin da za su yi wa manomi bayani da Hausa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abu huɗu ne za mu duba a jikin dabba kafin mu kira likita?
2. Me ya sa ma'aunin zafin jiki ke da muhimmanci a kan ciwon ruwan zuciya?
3. Ta yaya za mu bambanta akuya mai ciki da wadda ta ci leda? Me za mu yi da ledar da ke jujinmu?
4. Me ya sa ba a sa aska a kowane kumburi?
5. Karnuka nawa ke unguwarmu? Nawa aka yi wa allura a bana?
6. Dabbobi nawa 'yan ƙungiyarmu suka rasa a daminar da ta wuce? Da an sayar da su, nawa za su yi?

AIKIN GIDA

Kafin taro na gaba, kowane ɗan ƙungiya ya duba cikin idon dukan awakinsa da tumakinsa, ya duba ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato. Ya ƙirga masu farin ido da masu kaska, ya kawo wa magatakarda lissafin a rubuta a littafi. Da wannan lissafi za a je wurin likita a sa ranar zuwansa.